Lamba Sha Bakwai a Lasifikar Gari

Ƙauyen Solci, Haenam
14 ga Oktoba, 2006

Yaya Jom-sun,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ya sanyin Jamus, ya aikin asibiti? Mu nan lafiya lau. Gwiwar Inna tana nan yadda kika sani, da safe ta zagi gwiwar, da yamma ta zagi likita. Man shafawar da kika aiko ta kulle shi a akwati, wai ya yi tsada da yawa a ɓata shi a kan ƙafa. Kabeji ya yi kyau bana, ya fara naɗe kai. Na rubuto maimakon na buga waya don kin san a ɗakin Inna wayar take, ba na gama gaisuwa ta fizge.

Bari in ba ki labarin dariya. Ranar Asabar aka nuna fim kyauta a ɗakin taro na cikin gari, fim ɗin nan na manoman da ke zuwa ƙasar waje neman aure. Dagaci Bang ya ɗauko mana bas guda, ya ce tunda ƙauyenmu gida huɗu ke da matan ƙasar waje, mu za a zaunar a layin gaba. Ni da matata Kam Tu muna tsakiya.

Yaya, na yi dariya har na shaƙe. Gwauraye shida ne, dillali yana kora su da usur. Aka jera musu 'yan mata a zauren otal, kowace da lamba a ƙirji. Ɗaya ya manta tabarau a jirgi, ya nuna wata lamba aka ɗaura masa aure da wata. Wani kuma ya ce wa tafinta ya tambaya ko yarinyar za ta iya ɗaga buhun taki. Ni ne wannan sak, har gumin da yake sharewa da hula.

Da aka kunna fitila dagaci ya kira mu kan dandali, mu huɗu da matanmu, aka tafa mana. Ya miƙo mini makirufo ya ce, "Pan-gyu, faɗi gaskiya, kai lamba nawa ka ɗauko?" Na ce, "Sha bakwai!" Ɗakin nan kamar zai tsage.

Abin ma ya zo da alheri. Kin san Kam Tu shekararta biyu a nan ba ta da sunan gari kamar sauran matan aure, da ake kiran kowace da garin haihuwarta. Inna 'yar Gurye ce, matar dagaci 'yar Jindo, ita kuwa ba wanda ya iya faɗin garinsu, sai "ke" ko "amaryar waje". To tun a cikin bas tsofaffi suka fara ce mata Sha-bakwai, kowa bakinsa ya iya. Ta samu abin kira ke nan.

Kwana biyun nan dai ta yi shiru, ina jin mura ce. Inna tana gaishe ki.

Ƙanenki,
Pan-gyu

*

Essen, Jamus
27 ga Oktoba, 2006

Pan-gyu,

Na samu wasiƙarka. Muna lafiya. Ka ce wa Inna ta buɗe akwatin nan ta shafa man, ba don ɓeraye na saya ba. Na gama gaisuwa.

Mura? Mura ka ce? Shekara arba'in da biyar a duniya, har yanzu ba ka san bambancin mura da baƙin ciki ba? Sau uku na karanta wasiƙarka a tsaye a ɗakin girki, ina neman inda za ka ce wasa kake, ban samu ba.

Ni ma na ga fim ɗin, ba sai ka ba ni labari ba. Ƙungiyarmu ta Koriyawa ta nuna shi a zauren coci watan jiya. Tsofaffin mahaƙan kwal suka yi ta buga cinya suna dariya. Wata da muka zo ƙasar nan tare ta ce wai ya tuna mata gida. Wani ɗalibi mai dogon gashi ya miƙe ya ce fim ne mai zurfi, yana nuna kaɗaicin manomi. Na ce masa, "Ɗana, a cikin awa biyu, sau nawa ka ji ɗaya daga cikin 'yan matan nan ta yi magana ba ta bakin tafinta ba?" Ya zauna. Maigidana, Bajamushe da bai san komai a kan noman kabeji ba, a mota ya tambaye ni, "Haka ƙanenki ya yi?" Na ce masa ya kula da titi. Na kare ka, Pan-gyu! Ashe a lokacin kai kana shirin hawa dandali ka yi shelar lamba.

Ka ɗauki 'yar mutane, ka zaunar da ita a layin gaba, mutum ɗari uku a bayanta suna kallon ƙeyarta, ana nuna ranar da ta fi kowace rana kunya a rayuwarta, kai kuma kana shaƙewa don dariya. Sannan ka ce ta samu suna. Ko saniyar da Baba ya sayar don kuɗin jirgina tana da suna, ba lamba ba.

Ba ka taɓa zama baƙo ba, shi ya sa. Ni na zama. Ina da shekara ashirin da biyu aka sauke mu a filin jirgi cikin kayan gargajiya, aka jera mu ana ɗaukar hoto. Ranar farko a asibiti shugabar nas-nas ta dubi takardata, ta gwada sunana sau ɗaya, ta ce, "Wannan ya yi wa marasa lafiya wuya. Ke Lili ce." Shekara talatin da huɗu ke nan bajon ƙirjina Lili yake cewa. Na yi murmushi ranar, kamar yadda na tabbata yarinyar nan ta yi a kan dandalinku. Murmushin baƙo ba yarda ba ne.

Ka je ka ba matarka haƙuri. Ka ce wa Bang ya rufe baki, tun muna firamare haka yake, sai ya ga taro hankalinsa ya tafi. Idan kuma ba za ka iya ba, ka bar baiwar Allah ta koma wurin uwarta.

Yayarka,
Jom-sun

*

Solci
9 ga Nuwamba, 2006

Yaya,

Muna lafiya. Inna ta shafa man, ta ce ƙaiƙayi yake sa ta. Wasiƙarki ta iso, na karanta a gona don kar Inna ta ga fuskata.

Ban taɓa mayar miki da magana ba, amma yau zan mayar. Ke kina Jamus kina kare ni a cikin mota mai na'urar ɗumi. Na gode. Ina kike shekara ashirin da na yi ana kai ni ganin mata a shagon shayi na cikin gari? Sau goma sha ɗaya na saka kwat ɗin aro. Kowace da ta ji "manomi, ɗan fari namiji, uwa a gida" sai ta duba agogo. Ɗaya ma ba ta zauna ba, ta ga hannuna ta juya. 'Yan matan ƙauyen nan duk sun hau bas sun tafi Seoul, ke kika fara buɗe musu hanya. Wa ya zauna da Inna? Wa ke yanka ciyawar kabarin Baba kowace kaka?

Kin ce na yi dariya. Eh, na yi. A rayuwata ban taɓa ganin irina a allon sinima ba, sai dai a matsayin wawan da ke wucewa da saniya. Wannan karon ma wawa ne, amma shi ne a tsakiya, kuma a ƙarshe an so shi. Kaina nake yi wa dariya. Ban juya na dubi Kam Tu ba, wannan laifina ne, ba sai an aiko mini da shi daga Essen ba.

A nan ma kowa da nasa ra'ayi. Dagaci ya ce fim ɗin ya ɗaga darajar manoma. Malamin makaranta ya ce ya zubar da ita. Inna kuwa ta ce abu ɗaya ta gani, duk fim ɗin ba a nuna suruka ko ɗaya ba, to wa ya koya wa matan girki?

Ga abin da ya kamata ki sani. Kam Tu ta tafi. Ranar Lahadi da safe dagaci ya hau lasifikar gari yana kiran mata taron raba ranakun haɗa kimci, kabeji mai yaji na ajiyar hunturu, gida-gida kamar kullum. Ya ce, "'Yar Jindo, 'yar Naju, a hallara ƙarfe goma. 'Yar Gurye ba ƙafa, Sha-bakwai ta zo a madadinta." Lasifikar nan har gonakin bakin teku ake jin ta. Tana wanke shinkafa a lokacin. Ta ɗora tukunya, ta jira ta nuna, ta zuba wa Inna, ta ɗauki jakarta ta hau bas ɗin ƙarfe tara. Tana Gangjin wurin wata 'yar ƙasarsu.

Na je sau biyu. Ta fito ta ba ni shayi, ta tambayi gwiwar Inna, amma ta ce ba za ta taka Solci ba. Saura sati uku ranar kimcin gidanmu, kabeji ɗari huɗu. Ba kabejin ne ya dame ni ba. Takalminta na gona yana nan bakin ƙofa, na kasa ɗauke shi.

Kin ce in bar ta ta tafi. Ga shi ta tafi, sai ki huta.

Pan-gyu

*

Essen
21 ga Nuwamba, 2006

Pan-gyu,

Ina fatan kai da Inna kuna lafiya. Ba zan amsa maganar wa ya tafi wa ya zauna ba, ka san abin da ya fitar da ni da abin da ya sa rufin kwano a gidanmu. Kuma ban huta ba, kar ka ƙara faɗa mini haka.

Amma ta yi daidai. Macen da ta dafa wa surukarta abinci kafin ta fita, ta gama shawara ne, ba yaji ta yi ba. Kar ka ƙara zuwa kana tsaya mata a ƙofa. Na saka wata takarda a ciki, tata ce. Ka kai mata, ka nemo wanda zai karanta mata tsakani da Allah, ba kai ba.

Jom-sun

Zuwa ga matar ƙanena,

Ba mu taɓa haɗuwa ba, amma na san abin da ke ranki fiye da duk mutanen ƙauyen nan. An wulaƙanta ki, kuma ina jin kunya a madadin gidanmu. Ba dole ba ne ki koma. Na yi magana da wani ofishin tafiye-tafiye a nan, ga lambar wayarsu a ƙasa. Duk ranar da kika shirya, tikitin jirgi zuwa ƙasarku yana jiranki, ni zan biya. Kar ki ji tsoron kowa, 'yata. Ki koma inda aka san darajarki.

Yayar mijinki

*

Solci
6 ga Disamba, 2006

Babbar Yaya,

Ina gaishe ki da girmamawa. Ina lafiya, Inna tana lafiya, mijina yana lafiya sai ciwon baya. Malama Yun da ke koya mana yaren Koriya ranar Laraba ita ke gyara mini rubutu, amma maganar tawa ce. Na ce mata kar ta tausasa komai.

Na gode da tikiti. Ba na so. Ki duba saman takardar nan ki ga daga inda nake rubutu.

Kowa ya faɗi ra'ayinsa a kan fim ɗin, dagaci, malamin makaranta, ɗalibi mai dogon gashi, har mijinki. Ni da na tsaya a irin zauren nan ba wanda ya tambaye ni. To ga nawa. Fim ɗin yana da ban dariya, ni ma na yi dariya wurin mai tabarau. Amma ya yi ƙarya da rabi. Mazan ma da lamba a ƙirjinsu. Ƙanenki lamba huɗu ne. Mu ma muna kallonsu, muna magana da yarenmu, tafinta yana yi kamar bai ji ba. Lamba ɗaya ya nuna ni na ce a'a, warin giya yake da rana tsaka. Lamba biyu ya nuna ni na ce a'a, ya kama hannuna yana juyawa kamar mai sayen kifi. Lamba huɗu bai nuna kowa ba. Yana zaune yana gumi, sabon takalminsa da takardar kanti a jiki bai cire ba. Da aka kawo ruwa ya miƙe ya karɓi tiren daga hannun tsohuwar da ta kawo. Na ce wa tafinta, "Je ka ce wa wancan ya nuna sha bakwai." Har yau yana tsammanin shi ya zaɓa. Yanzu da Malama Yun ta ji, gobe duk Haenam za ta ji.

Kin rubuta cewa ranar ce ta fi kowace rana kunya a rayuwata. Ba ita ba ce. Ranar na san abin da nake yi. Lasifikar ce ta ƙona ni. Kowace mace a Solci ana kiranta da garin da ya haife ta, ko ta shekara sittin da barinsa. Ni ma gari ne ya haife ni, ba otal ba. Sunansa Tot Not, a bakin kogi yake, uwata tana sayar da taliya a mashigar jirgin ruwa. Gaɓa biyu ne kawai. Mutanen da suka iya faɗin sunan maganin ƙwari na Turawa sun ce wannan ya fi ƙarfin bakinsu.

Ban ce na bar mijina ba, ban ce ina son jirgi ba. Na ce masa, bakin da ya kira ni lamba a gaban gari, nan za a kira ni da garinmu, in ba haka ba ba zan dawo ba.

Ranar Asabar da sassafe ya zo Gangjin da akori-kura, ya ce in zo kawai in zauna a mota a bakin gari, in ban ji abin da nake so ba zai mayar da ni. Muka tsaya wurin babbar bishiya. Lasifika ta yi ƙara, na ji muryar dagaci yana cewa, "Inna, ba haka ake riƙewa ba, kawo in..." Sai muryar Inna: "Sakar mini, ɗan banza, kai ka ɓata." Ashe da sanda ta taka har ɗakin taron ƙauye, da gwiwar nan. Ta hura makirufo sau biyu, ta ce:

"'Yar Gurye ce ke magana. 'Yar Tot Not! 'Yar Tot Not, kina ji na? Kabeji ya kwana a gishiri, in ya lalace ke kika sani. Sauran kuma ku buɗe kunne, sati biyu ina koyon sunan nan da haƙoran roba. Wadda ta ƙara ce wa surukata lamba, kar ta sa hannu a kwanon gidana."

Na yi kuka a motar. Mijina ma ya yi, ya ce yaji ne a hannunsa. Muka gama ɗari huɗu kafin rana ta faɗi. 'Yar Jindo ta naɗe ganye da nama ta sa mini a baki, ta ce, "Ci, 'yar Tok Nok." Inna ta sa ta maimaita har sau uku.

Saura magana ɗaya, Yaya, ki yi haƙuri da ni. Mijina ya kawo mini duk takardunki, Malama Yun ta karanta mini. Kin yi fushi saboda ni sosai, ba wanda ya taɓa yi mini haka. Amma na sa ta duba da kyau. Akwai "yarinyar nan", akwai "'yar mutane", akwai "baiwar Allah", akwai "matar ƙanena". A takarda uku sunana ba ya ciki ko sau ɗaya. Ƙanenki, wanda kika ce bai san mura ba, wata guda ya yi yana maimaita shi a kan tarakta kafin in iso, kuma yana rubuta miki shi a kowace wasiƙa.

Za mu aiko miki da garin barkono.

Ƙanwarki,
Kam Tu, 'yar Tot Not

*

Essen
19 ga Disamba, 2006

Kam Tu,

Ina gaishe ki, ina gaida Inna, ina gaida lamba huɗu.

Kwana biyu na yi ina fushi da ke. Na ce ji min yarinya, na miƙa mata hannu ta ƙirga mini yatsu. Na ɗauko kwafin wasiƙun, don ina ajiyewa, na bi su layi-layi da biro ina neman abin da zan ƙaryata ki da shi. Babu. Na nemi wanda zan huce a kansa, maigidana ya gudu yawo da kare. Kin faɗi gaskiya, kuma ta yi mini zafi. Ki yafe mini, Kam Tu.

Ki ce wa mijinki maganar ciyawar kabarin Baba ma na ji ta. Da kaka mai zuwa zan zo mu yanka tare, ya tanadar mini lauje.

Ranar Juma'a na shiga ofishin shugabarmu na ajiye mata bajona a kan tebur, na ce a buga mini sabo da sunana. Yarinya ce, ba a haife ta ba lokacin da na fara aikin nan. Ta zaro ido ta ce, "Amma Sista Lili, saura miki 'yan shekaru ki yi ritaya, kuma kowa ya saba." Na ce mata akwai wata tsohuwa a ƙauyenmu mai shekara saba'in da tara da haƙoran roba, sati biyu ya ishe ta.

Jiya aka kawo sabon. Tun safe likitoci da marasa lafiya suke ta karya harshe a kansa. Su karya, ba inda za ni, ina tsaye ina jira har sai sun faɗa daidai.

Yayarki,
Jom-sun